Me ya kai gwamnati gina mashaya a garin 'yan katako? Amsa kan otal ɗin Dwellingup

Wani ƙanenmu da ke karatu a Perth, can jihar Ostireliya ta Yamma, ya turo tambaya. Ya ce 'yan ajinsu sun kwashe su yawon ganin daji zuwa wani ɗan gari da ake kira Dwellingup, da lokacin abincin rana ya yi sai aka shiga da su wani tsohon gini da aka rubuta otal a goshinsa, ashe rabinsa mashaya ce, kuma aka ce masa wai gwamnati ce da kanta ta gina wurin tun 1911. Shi ne yake tambaya, ya za a yi gwamnati ta gina gidan giya a ƙauye, kuma me ya sa mutanen garin suke ji da wurin sai ka ce gidan tarihi?

Toh ƙanena, wanda ya faɗa maka bai maka ƙarya ba, gwamnatin jihar ce ta gina shi, kuma shekarar ma daidai ce. Ni ɓangaren gandun daji na karanta, duk kuwa wanda ya zauna ya karanci gobarar daji da gaske sai ya ci karo da sunan Dwellingup ko ya so ko bai so ba, ta nan na san garin, ba ta hanyar kwalba ba, kar wani ya ɗauka talla na zo yi wa barasa. Amsar a dunƙule ita ce: a garuruwan katako na wancan zamani kusan komai na kamfani ne kuma komai na wucin gadi ne, ranar da itace ya ƙare ranar gari ke tashi, shi kuwa wannan otal yana cikin 'yan abubuwan da ba mai injin katako ke da su ba, kuma ba a gina shi don a kwance a tafi da shi ba. In ka riƙe wannan, sauran labarin duk zai zauna maka.

Bari mu fara da bishiyar, don ita ce ta tara mutanen. Wancan dajin da kuka ratsa, yawancin dogayen itatuwan da ka gani sunansu jara, a littafin kimiyya Eucalyptus marginata, dangi ɗaya ne da bishiyar turaren nan da ake dasawa a bakin hanyoyi da shingayen kare hamada a Arewa, sai dai katakon jara ja ne wur, ga nauyi ga tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi kuma ko an binne shi a ƙasa mai laima yana daɗewa bai ruɓe ba. A ƙarshen ƙarni na 19 duniya ta haukace da shimfiɗa layin dogo, kowane layi kuma yana buƙatar dubban gumagumai da za a ɗora ƙarfen a kansu, sai jara ya zama kamar zinare. An yi ta lodinsa a jirgin ruwa zuwa Indiya da Afirka ta Kudu da Ingila, har wasu titunan Landan an taɓa shimfiɗe su da guntayensa. Babban injin katako na Jarrahdale, arewa da inda kuka je, ya fara aiki tun 1872, a 1902 kuma kamfanonin katako da dama suka haɗe a ƙarƙashin sunan Millars suka zama ƙaton kamfani guda da ya mamaye harkar.

Kafin duk wannan, ƙasar ta mutanen Noongar ce, 'yan asalin wurin. Garin Pinjarra da kuka bi ta cikinsa kafin ku fara hawa tudu, nan ne a watan Oktoba 1834 gwamna James Stirling ya jagoranci mutanensa ɗauke da bindigogi suka afka musu suka kashe da yawa. Zan dawo kansu, don su ma suna cikin labarin otal ɗin, ta ƙofar da aka rufe musu.

A 1910 layin dogo ya taso daga Pinjarra ya hau tsaunukan Darling ya iso Dwellingup, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, a shekarar kuma gwamnati ta ayyana wurin a matsayin gari a hukumance. Kafin ka ce kwabo injinan katako sun zagaye shi: Marrinup, Holyoake, Nanga Brook, Banksiadale da wasunsu. Holyoake ma abin sha'awa ne, don masu sassaƙar gungumen dogo ne da kansu suka haɗa ƙungiyar gama-kai suka kafa injinsu, daga baya gwamnati ta saye shi, Banksiadale kuwa na hukumar jiragen ƙasa ne, tana yankar wa kanta katako.

Nan ne bambancin da nake so ka lura da shi yake. Waɗancan ƙauyukan injin ba garuruwa ba ne irin wanda mutum zai sayi fili ya gina ya bar wa 'ya'yansa. Mai injin ne ke da gidajen, shi ke da kantin da za ka sayi gari da sukari da shayi, shi ke da gidan kwanan gwagware, sau da yawa ma jirgin da zai fitar da kai nasa ne, in aka sallame ka daga aiki yau to ka rasa aiki da muhalli a tare. Gidajen na katako ne da rufin kwano, an yi su ne yadda in dajin da ke kusa ya ƙare za a iya ɓalle su a ɗora a tarago a kai gaba. Dwellingup kuwa a tsakiyarsu garin gwamnati ne, mai tituna da aka auna da filayen da mutum zai mallaka, shi ya sa ofishin 'yan sanda da gidan waya da asibiti duk a can suka zauna, otal ɗin ma haka.

Yanzu ka kwatanta irin mutanen da ke wannan daji a 1910. Yawancinsu maza ne, da yawa ba aure ko sun baro iyali nesa. Akwai masu kayar da itace da gatari da dogon zarton nan na mutum biyu, akwai masu jan gungume da dawakai ana rataye shi a ƙarƙashin wata ƙatuwar amalanke mai manyan ƙafafu, akwai direbobin ƙananan jiragen ƙasa masu tururi da ke shiga lungunan daji, sannan ga masu sassaƙar gungumen dogo, waɗanda su ne suka fi kowa shan wuya, mutum yana kwana a tanti shi kaɗai ko su biyu a tsakiyar daji, yana fafe itace da faffaɗan gatari, ba albashi sai abin da ya sassaƙa, kuma sai sufeto ya zo ya duba ya amince da gungume kafin a biya shi, wanda aka ƙi kuwa gumi ya tafi a banza. Aiki ne da ke cin yatsu da ƙafafu da rayuka. Irin wannan mutum in ya fito da kuɗinsa a aljihu bayan makonni bai ga kowa ba, kai ma ka san ba laburare zai nema ba.

Kuma giya ba ta jira lasisi ba, ta riga otal isowa. Duk inda aka tara leburori a Ostireliya ta wancan lokaci, ko wurin haƙar zinare ko aikin dogo ko katako, sai 'yan sayar da barasar ɓoye sun biyo su, a bukka ko tanti, ba lasisi ba mai duba abin da suke zubawa, ana surka ta da ruwa da duk abin da zai sa ta yi kaifi, a ɗirka wa mutum har kuɗinsa su ƙare. Wannan ita ce matsalar da gwamnati ta sa a gaba. A gefe guda kuma ƙungiyoyin yaƙi da shan giya, musamman na mata da na coci, suna da ƙarfi sosai a siyasar lokacin, suna so a hana baki ɗaya, talakawa masu ƙuri'a kuma ba su yarda da hanin ba, don an yi ƙuri'ar raba gardama a kai a jihar a 1925 da kuma 1950 duka hanin ya faɗi.

Sai aka ɗauko wata dabara ta tsakiya wadda asalinta daga birnin Gothenburg na Suwidin ne tun wajen 1865. Tunanin shi ne, abin da ke sa mai mashaya ya ci gaba da zuba wa wanda ya riga ya bugu riba ce, to a cire ribar daga aljihunsa. A sa manaja mai albashi wanda ko an sha da yawa ko kaɗan kuɗinsa ɗaya ne, a sayar da abin da ba a gurɓata ba, a rufe a kan lokaci, a tanadi abinci da ɗakin kwana mai tsabta, ribar da ta fito kuma ta koma baitulmali. Ostireliya ta Yamma ta fara gwada wannan a Gwalia, garin haƙar zinare, a 1903. Na Dwellingup ya biyo baya a 1911, daga nan gwamnatin jam'iyyar Leba ta John Scaddan, wadda ta yi mulki daga 1911 zuwa 1916 kuma ta yi suna wajen kafa kamfanonin gwamnati, da na jiragen ruwa da na bulo da na katako, a zamaninta aka ƙara wasu otal ɗin a garuruwan noman alkama irin su Bruce Rock da Kwolyin da Wongan Hills. Ko Ingila ma ta yi irin haka a Carlisle daga 1916, saboda ma'aikatan masana'antar makamai da ke kwana a mashaya lokacin yaƙi, kuma tsarin ya kai har farkon shekarun 1970.

Ko dabarar ta yi aiki? A ganina rabi da rabi. Ta rage wa 'yan ɓoye kasuwa a cikin gari, ta ba baƙo wurin sauka, amma wanda yake can Nanga Brook cikin daji da daddare ba zai taka zuwa Dwellingup don ya sha ta gwamnati ba in akwai mai sayarwa a bayan bukkarsa. Sannan akwai abin da masu adawa suka riƙa faɗa tun lokacin kuma gaskiyarsu ne, gwamnatin da ke cewa tana rage shan giya ita ce kuma ke ƙirga ribar giyar a kasafinta, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Batun da ya ɗaure maka kai na ganin otal a rubuce alhali mashaya ce, doka ce ta jawo. A da a Ostireliya ba a ba ka cikakken lasisin sayar da giya sai kana da ɗakunan kwana da abinci na matafiya, shi ya sa kusan duk tsohuwar mashayar ƙauye za ka same ta da ɗakuna a baya ko a sama. Wannan ne kuma ya sa wurin ya wuce batun sha. A irin waɗannan garuruwa nan ne sufeton katako ke sauka, da ɗan kasuwa mai yawo da samfur, da sabon malamin makaranta kafin ya samu gida, nan ake jin wane inji ke neman ma'aikata, nan 'yan ƙungiyar ƙwadago ke haɗuwa su yi maganar da ba za su iya yi a gidan kwanan kamfani ba don kunnen manaja na kusa, nan ake tara wa matar wanda itace ya danne gudummawa, nan 'yan ƙwallo ke zuwa bayan wasa. Wannan, wato samun rufin da ba na ubangidanka ba inda za ka zauna ka buɗe baki, ina ganin shi ne asalin ƙaunar da jikokinsu ke yi wa ginin har yau ko da su kansu ba za su faɗe shi haka ba.

Amma kar a gyara labarin ya fi yadda yake kyau. Babban ɗakin da kantar sayar da giya take na maza ne zalla, mace in ta zo sai dai wani ɗan falo na gefe da aka ware, kuma haka abin yake a faɗin ƙasar har shekarun 1960 da 1970. A 1965 ne wasu mata biyu, Merle Thornton da Rosalie Bognor, suka ɗaure ƙafafunsu da sarƙa a jikin kantar otal ɗin Regatta a Brisbane don nuna adawa da wannan, labarin ya zagaye ƙasar. Su kuwa Noongar da sauran 'yan asalin ƙasar, doka ce ta hana a sayar musu, a jihar akwai dokar 1905 da ta sa kusan duk rayuwarsu a hannun jami'in gwamnati, daga inda za su zauna har wanda za su aura, sai a shekarun 1960 aka fara sassauta hanin. Kar ka ce ai an taimake su an raba su da giya, don ba tausayi ne ya kawo dokar ba, kuma tunda otal shi ne wurin abinci da masauki da neman aiki, hana mutum shiga ya zama hana shi zama ɗan gari. Ga kuma matan aure da yaran da albashin uba ke narkewa a kantar giya ranar biya, su ba a rataye hotonsu a bango.

Wani abu da ake yawan ruɗawa: za ka ji ana labarin zamanin da ake rufe mashaya ƙarfe shida na yamma, ma'aikata su tashi aiki ƙarfe biyar su ruga su ɗura iya ɗurawa cikin awa guda. Wannan ya faru ne a jihohin gabas da kudu daga 1916, New South Wales ta daina a 1955, Victoria a 1966, Ostireliya ta Kudu a 1967. Jihar da kake ba ta bi su ba, ita ƙarfe tara na dare ta tsayar, saboda haka in wani ya ba ka wancan labarin a kan Dwellingup, aro ya yi.

Mu koma daji, don abin da ya mai da otal ɗin abin tarihi daga can ya taso. Saran da aka yi a shekarun farko ba tsari, a zaɓi manyan itatuwa a kayar, a ɗauki gindin a bar rassa da ɓawo da kawuna jibge a ƙasa. Charles Lane Poole, shugaban gandun daji na jihar daga 1916 zuwa 1921, shi ya tsaya aka yi dokar gandun daji ta 1918, ya yi ta rigima da manyan kamfanoni da 'yan siyasa kan a rage sara har ya ajiye aikin, wancan gandun da ke bakin kogin Murray kudu da garin sunansa aka sa masa. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar gandun daji ta mai da Dwellingup ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta. Sai dai jami'an wancan zamani tarbiyyar Turai suka samu, inda ake ɗaukar wuta a daji a matsayin abokiyar gaba kawai, sai suka dage wajen kare sabon tsiro daga kowace irin wuta. Shi kuwa dajin jara kowace shekara yana zubar da ganye da ɓawo da ƙirare masu mai a jiki, kuma ba sa ruɓewa da wuri saboda rani mai tsawo, Noongar sun daɗe suna sa masa ƙananan wuta a kai a kai. Da aka daina, makamashi ya yi ta taruwa. A shekarun 1950 ma'aikatar ta gane ta fara sauya manufa, amma dajin da faɗi, ma'aikata kaɗan.

A tsakanin nan yaƙin duniya na biyu ya kawo wasu baƙi. Daga 1943 zuwa 1946 an yi sansanin fursunonin yaƙi a Marrinup, Jamusawa da Italiyawa, babban aikinsu saran itacen girki da ake turawa Perth. Har yanzu ana ganin tushen gine-ginen a cikin daji in ka bi 'yar hanyar ƙafa da aka yi.

Sai siyasa ta juya. A 1959 David Brand na jam'iyyar Libaral ya hau mulkin jihar, gwamnatinsa kuma ba ta ga dalilin da zai sa hukuma ta riƙa sayar da giya ko yanka katako ba, aka yi dokar sayar da otal-otal ɗin gwamnati, harkar katako da bulo ta gwamnati ma aka sayar wa kamfanin Hawker Siddeley a 1961. A wasu garuruwan mutanen gari ne suka haɗa kuɗi suka karɓi otal ɗinsu maimakon ya faɗa hannun baƙo, Dwellingup na cikinsu, shi ya sa aka daɗe ana kiransa otal ɗin al'umma. Kaga tunanin Gothenburg bai mutu gaba ɗaya ba kenan, ribar dai ta tsaya a gari.

Toh sai Janairun 1961. Ranar 19 ga wata hadari maras ruwa ya ratsa dajin, aradu ta yi ta faɗawa tana kunna wuta a wurare da dama lokaci guda, washegari ma haka. Zafi ya haura digiri 40 kwana da kwanaki, ga wata guguwar teku can arewa maso yamma tana rikita iska. Ma'aikatan daji da na injina da manoma suka yi kwanaki suna fama ba barci, wutar nan ta haɗe da waccan. Ranar 24 ga wata da daddare iska ta juyo da ƙarfi ta kwaso garwashi ta riƙa watsa shi cikin gari tun kafin bakin wutar ya iso, abin da mutane da yawa ba su sani ba kenan game da dajin turare, ɓawon da ke ci da wuta yana tashi sama iska ta kai shi gaba da nisa ya kunna sabuwa, saboda haka share fili a bakin gari ba ya tsayar da ita a irin wannan dare. Gari na katako, gidaje na katako, ga tulin katako a injina, ga gidajen mai. Mutane suka bar gidajensu suka taru a filaye inda ba abin da zai ci, wasu cikin motoci. Gidaje 132 suka ƙone a garin, har da asibitin, mutum wajen 800 suka wayi gari ba muhalli, dajin da ya ƙone ya kusa hekta dubu 150. Abin mamakin da har yau ake faɗa, ko rai ɗaya ba a rasa ba.

Otal ɗin yana cikin 'yan gine-ginen da suka tsira. Ginin bulo ne a garin da kusan komai katako ne, wannan ya taimaka, amma duk wanda ya san gobara ya san akwai rabo a ciki, don garwashi ɗaya ya shige ƙarƙashin kwano ya isa. Ka tsaya ka yi tunanin mutumin da aka haifa a garin, gidan da ya girma babu, asibitin da aka haife shi babu, hotunan iyayensa sun zama toka, in yana so ya nuna wa jikansa wani abu da ya rage daga garin da ya sani, ina zai kai shi? Ga amsar ɓangare na biyu na tambayarka.

Holyoake da Nanga Brook da abin da ya rage na Marrinup duk sun ƙone, kuma ba a sake gina su ba, Banksiadale ya tsallake wannan amma injinsa ya ƙone bayan shekara biyu shi ma ya watse. Mutane na cewa wuta ce ta kashe waɗannan ƙauyuka, ni ina ganin wuta ta dai ƙarasa su ne. Manyan itatuwan kusa sun riga sun ƙare, manyan motoci sun fara maye gurbin jiragen daji, zarto mai inji ya rage yawan hannun da ake buƙata, ma'aikaci kuma ya samu mota zai iya kwana a gari ya tafi aiki da safe, ba wani kamfani da zai sake kashe kuɗi ya gina ƙauye a tsakiyar daji. Dwellingup aka sake ginawa saboda shi gari ne na kansa, mutane na da takardun filayensu.

Gwamnati ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin G. J. Rodger, kuma daga rahotonta ne jihar ta rungumi ƙona daji da gangan a lokacin sanyi ko damina-damina don rage makamashi kafin rani, zuwa tsakiyar shekarun 1960 har sun fara kunna irin wannan wuta daga jirgin sama ta hanyar jefa 'yan ƙananan abubuwa masu tayar da wuta. In ka ga hayaƙi ya rufe Perth a watan Oktoba ko Mayu mutane na ƙorafi a rediyo, jikan wancan dare ne. Har yanzu ana gardama a kai, masana halittu na cewa ana yawaita ƙonawar tana cutar da wasu tsirrai da dabbobi, jami'an daji na cewa ku tuna 1961.

Bayan haka garin ya sauya sana'a a hankali. An gano wata cuta mai kashe jara ta saiwa, Phytophthora cinnamomi, wadda tayar mota da takalmi ke yaɗawa a cikin laka, shi ya sa ka ga wuraren goge takalmi a bakin hanyoyin daji, don Allah in ka koma ka yi amfani da su. Kamfanin Alcoa ya buɗe matatarsa a Pinjarra a 1972 yana haƙar jar ƙasar da ake fitar da alminiyam a cikin dajin, aikin ya ba mutane da yawa abinci amma kuma sai an share daji kafin a haƙa, kuma mutanen Dwellingup sun daɗe suna ja da kamfanin kan kusantar garinsu. Tsohon layin dogon ya koma na 'yan yawon buɗe ido a hannun masu sa kai na ƙungiyar jirgin ƙasa ta Hotham Valley. Hanyar ƙafa ta Bibbulmun, mai tsawon wajen kilomita dubu daga Kalamunda zuwa Albany, ta ratsa ta cikin garin, haka ma hanyar keke ta Munda Biddi. Saboda haka masu cika otal ɗin yanzu 'yan keke ne da masu jakar baya da 'yan babur na ranar Lahadi da iyalai daga Perth, mata da yara a zaune a inda a da ba a barin mace ta tsaya, kuma kicin ɗin ya zama babban ɓangare na cinikin. Gwamnatin Mark McGowan kuma ta sanar a 2021 cewa za a daina saran dajin asali don kasuwanci, hanin ya fara aiki a farkon 2024, wato sana'ar da ta haifi garin ta rufe a hukumance.

In kana son ganin ɗaya fuskar abin, ka nemi wanda zai kai ka Yarloop, kudu da Pinjarra a kan hanyar Bunbury. Shi ma tsohon garin katako ne, nan Millars ke da manyan garejin gyaran injina da jiragensu, an ma mai da su gidan tarihi. A Janairun 2016 aradu ta kunna wuta a gandun Lane Poole, kusa da Dwellingup ɗin dai, ta gangaro ta shiga Yarloop da yammacin 7 ga wata, ta kashe mutum biyu, ta cinye gine-gine sama da 180, garejin tarihin ya tafi, otal ɗin garin ma ya tafi. Mazauna da yawa ba su dawo ba.

Game da kai kuma, in kun sake zuwa kuma zuciyarka ba ta kwanta da zama a ciki ba, ba dole, garin na da wasu wuraren cin abinci da shan shayi, kuma ka gaya wa abokanka kai tsaye, yawancinsu ba za su ɗauke shi da zafi ba. In kuma ka zauna cin abinci, ka tambayi abin da ke cikin kwanon, don naman alade na shiga girkinsu ta inda ba ka zata ba, har kifin da ake soyawa wani lokaci da giya ake kwaɓa fulawarsa. Sannan ka leƙa cibiyar baƙi da ke kusa da tashar jirgin, suna da hotuna da bayanin gobarar 1961, kuma in lokacin zafi ne ka duba sanarwar haɗarin wuta ta ranar kafin ku shiga daji, in sun ce an hana kunna wuta to ko gawayin gasa nama kar ku taɓa, tarar tana da nauyi.